Tambaya da Amsa: Kakana ya tafi yaƙin Burma bai dawo ba, in je in nemi sunansa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, nakan je Bankok saro kaya. Kakana na wajen uba an ɗauke shi soja zamanin yaƙin Hitila, aka kai su Burma, bai dawo ba. Ya tafi ya bar kakarmu da cikin mahaifina, don haka Baba bai taɓa ganin mahaifinsa ba, ko a hoto. Yanzu Baba ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Wani abokin tafiya ya ce mini akwai wata babbar maƙabartar sojoji kusa da Yangon, birni mafi girma a Burma wadda yanzu ake kira Myanmar, inda aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu, kuma daga Bankok ba nisa. Da na faɗa wa Baba sai ya yi shiru, can ya ce, "In ka je ka gaishe shi." To amma Yayana ya ce asarar kuɗi ce, wai wurin Nasara ne, kuma wanda ya mutu yana yi wa Turawan mulkin mallaka yaƙi ba abin tunawa ba ne. Malam, da gaske akwai wurin? Zan samu sunan? Kuma ya dace Musulmi ya je?

Mai karatu daga Fagge, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan kakanka da rahama. Abokin tafiyarka bai yi maka ƙarya ba, wurin yana nan, na taka shi da ƙafata tun kafin sojoji su ƙwace mulkin ƙasar a 2021. Shawarata a taƙaice ita ce ka nemi sunan tun kana nan Kano, in ya fito kuma hanya ta yi kyau, ka je.

Sunan wurin Taukkyan. Yana bakin babbar hanyar da ta fita daga Yangon ta yi arewa, kimanin kilomita 35 daga cikin gari, 15 daga filin jirgin sama. A 1951 aka fara shi, aka riƙa tono sojojin da aka binne a ƙananan maƙabartun fagen fama na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw, wuraren da ke da wuyar zuwa da wuyar kulawa, ana tattaro su wuri guda. Kaburburan yaƙin duniya na biyu da ke ciki 6,374 ne, 867 daga cikinsu ba a san masu su ba. Kowane kabari ɗan gajeren dakali ne da bai kai gwiwa ba, an manna masa farantin tagulla mai ɗauke da suna da lambar soja da runduna da ranar mutuwa, tsakanin wannan da wancan an dasa fure. Layi-layi suke a kan ciyawa kore shar, iyakar ganinka.

Amma abin da ya fi shafarka yana tsakiyar filin. Doguwar rumfa ce ta ginshiƙan dutse, sahu biyu dama sahu biyu hagu, suka haɗu a wani zagaye da ba shi da rufi. An buɗe ta ranar 9 ga Fabrairu 1958. A jikin ginshiƙan aka sassaƙa sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a Burma da yankin Assam na Indiya ba a san inda suke kwance ba. Mutumin da aka ce ya tafi bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a san kabari ba, galibi nan ne sunansa yake.

Ranar da na je da safe ne, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Ina ta zagaye ina ɗaga kai, sunayen Ingilishi, sunayen Indiyawa, sunayen mutanen Nefal, har wuyana ya fara ciwo. Wani dattijo mai ban ruwan furanni, ɗaure da zani irin na mazan ƙasar, ya ajiye tiyonsa ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Bai ce komai ba, ya yi mini alama da hannu, na bi shi har gaban wasu ginshiƙai, ya koma aikinsa. Alhaji, abin da na gani a nan ba na jin zan manta shi. Audu, Garba, Musa, Mamman, Bello, Umaru, kowane suna da garinsa a gefe a matsayin sunan uba: Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, Bauci, Yola, Dikwa. Kano sai ta fito, ka sauko ƙasa kaɗan ta sake fitowa, ka matsa ginshiƙi na gaba ga ta nan. Na sa yatsa cikin ramin haruffan, dutsen da sanyinsa na safiya, ina karantawa a bayyane ni kaɗai. A bayana samari da 'yan matan garin suna zaune ƙarƙashin lema suna ɗaukar hoto, don su wurin shan iska ne a gare su. Ban ga laifinsu ba. Mu da muke da mutanen ai ba ma zuwa.

A jikin zagayen tsakiya an rubuta cewa sun mutu ne domin dukkan 'yantattun mutane, an rubuta da Ingilishi da harshen Burma da Hindi da Urdu da rubutun Sikawa. Babu Hausa. Alhali da Hausa ake ba da umarni a rundunar Najeriya ta wancan zamani, Baturen hafsa ma sai ya koye ta. Wannan ya tsaya mini a rai har yau.

Yadda aka yi suka je can kuwa, a 1942 Japan ta kori Ingila daga Burma ta iso bakin iyakar Indiya. Ingila ta waiwayo Afirka ta Yamma. A 1943 aka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Jimillar mutanen Afirka ta Yamma da aka kai wancan fagen ta kai kimanin 90,000, fiye da rabi 'yan Najeriya ne. Aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko, da yawansu suka zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu zuwa Bombay, daga nan jirgin ƙasa ya ratsa Indiya da su. Ka duba, yaron da bai taɓa wuce kasuwar Wudil ba, yau ga shi makonni a kan teku.

Runduna ta 81 aka tura kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, dajin gora da duwatsu inda mota ba ta shiga. Abinci da harsashi ta sama ake jefo musu da lema, daga nan sai a kai. Akwai dubban sojoji da aikinsu ke nan, ɗaukar kaya a ka, da yawansu ba a ba su bindiga ba sai adda. Har tambarin runduna ta 82 ma gammo ne da mashi biyu a gicciye, ta 81 kuma baƙin gizo-gizo. Bataliya uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, su aka haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su ta jirgin sama a bayan layin Japanawa a 1944. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama garin Myohaung. Harsashi ya kashe wasu, amma zazzaɓin cizon sauro da atuni da ruwan damina da ba ya ɗaukewa da kogunan da ake haurawa da kaya a ka sun ci nasu rabon. Wanda ya faɗi a irin wannan daji, abokansa za su tona rami su rufe shi su wuce, damina ɗaya ta isa ta shafe alamar. Dalilin ginshiƙan nan ke nan.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, yankin da suka yi yaƙin akwai Musulmi da yawa. Wani sojan asibiti ɗan ƙasar Owo, Isaac Fadoyebo, an harbe shi a wani kwanton ɓauna a bakin Kaladan a watan Maris 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da wani ɗan Saliyo, yana ciyar da su kusan wata tara, alhali ya san in Japanawa suka gane kashe shi za su yi. Mutanen wannan yanki ne Rohingya da aka kora zuwa Bangaladash a 2017, sama da 700,000. Duk lokacin da na ji labarinsu a rediyo sai na tuna kakanninsu sun taɓa ba namu ruwa.

Yanzu maganar Yayanka. Ka gaishe shi, ka ce masa rabin maganarsa gaskiya ce. Turawa suka gina wurin, su ke biyan masu kula da shi, kuma rubutun jikin bangon da kansa ya ce mutanen nan sun mutu ne cikin hidimar gadon sarautar Birtaniya. Japan ba ta taɓa yi wa Kano komai ba. Yaƙin ba namu ba ne, wannan ba a jayayya.

Inda na rabu da shi shi ne a kan mutanen. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne a nan Kano. Razdan zai ce ana son mutum kaza, magana ta gangaro kan hakimai, ta sauka kan dagatai da masu unguwanni. Wani ya shiga don albashi, wani haraji ya kore shi daga gida, wani ƙuruciya da sha'awar kaki, wani kuma nuna shi aka yi kawai, ba shi da bakin cewa a'a. Can kuma albashinsa bai kama ƙafar na farar fata ba, ana yi masa bulala shekaru da dama bayan an daina yi wa sojan Ingila. Waɗanda suka dawo, mazan jiya, da yawansu sun ƙare a gadi da masinja da aikin ɗan doka, mu da muka tashi a cikin gari mun riske su suna tsufa a ƙofar ofisoshi. In an zalunci mutum a rayuwarsa, jikokinsa kuma su ce ba abin tunawa ba ne, an haɗa masa biyu ke nan. Ni ban yarda da wannan ba. Kakanka ya bar mace da ciki ya tafi, kuma ba na shakkar da tunaninta ya kwana ya tashi har ranar da ya cika.

Abin da ke ba ni takaici ma shi ne mun riƙe sunayen wuraren, mun saki na mutanen. Barikin Dodan da aka mulki ƙasar nan daga cikinsa har 1991, sunan wani wuri ne a Burma. Haka Myohaung da Arakan a Ikko, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Namu na Bukavu a nan Kano shi daga Kwango aka samo, aikin Majalisar Ɗinkin Duniya na farkon shekarun 1960. Kullum muna wucewa ta ƙofar barikokin nan, amma ka tsayar da ɗan sakandare ka tambaye shi wa ya mutu a Kalapanzin. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a yi fareti, a saki tattabaru, a watse, ba a karanta sunan kowa ba.

Batun addini, ni ba mai ba da fatawa ba ne, ka zauna da malaminka kafin ka tafi. Abin da na sani, hadisi ya inganta a Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da ya hana ziyarar kaburbura amma yanzu a ziyarce su, kuma shi da kansa yakan je wa mutanen Baƙi'a da na Uhudu. A Taukkyan akwai Kirista da Hindu da Sikawa, akwai babban gicciye a gefe guda, akwai kuma Musulmi jingim, na Indiya da namu. A kan farantin wasu sojojin Indiya za ka ga Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un da rubutun Larabci. Ba mai cewa ka rusuna wa wani abu ko ka ajiye fure. Ni dai da na je na yi wa Musulmin ciki sallama irin wadda aka koya mana, na roƙa musu gafara, na ratsa ta gaban sauran cikin natsuwa kamar yadda ya kamaci duk mai shiga maƙabarta. Hukuncin yadda suka mutu kuwa yana wurin wanda ya san abin da ke cikin zukata.

Sai dai ka gaya wa Baba gaskiya tun yanzu. In sunan a jikin ginshiƙi yake, to mahaifinsa ba ya kwance a wurin, yana can wani daji ɗaruruwan kilomitoci daga nan. Addu'a da sadaka daga Fagge ma suna isa gare shi. Abin da zuwanka zai ƙara shi ne shaida cewa mutumin nan ya rayu, an san shi, an rubuta ranar da ya cika. Ga wanda ya shekara tamanin ba shi da ko hoto, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Neman sunan shi ne aikin, kuma yana son haƙuri. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, tana da shafin intanet, ka rubuta CWGC zai fito. Binciken kyauta ne. Matsalar ita ce yadda akawun Bature ya ji sunan haka ya rubuta. Muhammadu zai iya zama Momadu ko Mamadu, Garba ya zama Garuba, Yusufu ya zama Yesufu. Sunan uba sau da yawa ba a sa shi, sai gari, kuma mutumin Gaya ko Rano ko Bici ana iya rubuta masa Kano kawai. Wasu ma da sunan aro suka shiga don kada iyaye su biyo sawu. Saboda haka in ka rubuta suna sau ɗaya bai fito ba kada ka karaya, ka juya shi ta kowace fuska. Kada kuma ka tsaya kan Nigeria Regiment kaɗai, ka duba 'yan igwa da injiniyoyi da ma'aikatan asibiti da masu dakon kaya na Afirka ta Yamma.

Abin da zai raba gardama shi ne lambar soja. Ta 'yan Najeriya tana farawa da NA. Ka sa tsofaffin matan gidanku su buɗe adaka da tsohon akwatin ƙarfe, ko akwai wasiƙa ko takardar sanarwar mutuwa ko lambar yabo da aka aiko. Ka tambayi Baba wa suka tafi tare, wa ya dawo ya kawo labarin, a wace shekara, da rani ne ko da damina. Jikokin wanda ya dawo suna iya sanin bataliyar. Ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji a nan Kano, in ka samu sarari ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. In sunan ya fito, shafin zai ba ka ranar mutuwa da inda aka rubuta shi da lambar fuskar ginshiƙin, ka kwafe ta a takarda. A jikin dutsen an jera su ne runduna-runduna, sannan muƙami, sannan bisa haruffa. Yana kuma yiwuwa ka ga ba a Burma yake ba sam. Waɗanda suka cika a asibitocin baya an binne su a Chittagong da Maynamati, duka a Bangaladash ta yau, wasu a Indiya, kuma su suna da kabari na sosai.

Hanya kuwa, daga Bankok zuwa Yangon awa ɗaya da 'yan mintoci ne a jirgi. Amma tun juyin mulkin 1 ga Fabrairu 2021 ƙasar tana cikin yaƙin basasa, ga girgizar ƙasar da ta yi ɓarna a Mandalay a watan Maris 2025. Ka tambayi ofishin jakadancinmu a Bankok halin da ake ciki a makon da za ka tafi, ka nemi biza tun da wuri. Arakan, wadda yanzu ake kira Rakhine, ka cire ta a ranka, ba wurin zuwa ba ne. Ka ɗauki tasi ya jira ka ya dawo da kai, kada ka ɗaga waya kusa da soja ko shingen bincike, kada dare ya yi maka a waje. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi, ba ruwa ba zafi sosai. Ka je da sassafe, hasken da ke zuwa a karkace shi ke fito da haruffan a hoto. Agogonsu yana gaban namu da awa biyar da rabi, kuma intanet a can ba tabbas, don haka kada ka dogara da kiran bidiyo. Ka ɗauki hoton sunan daga kusa, ka naɗi muryarka kana karanta shi tare da na sama da na ƙasa da shi, tunda Baba da kunne zai fi gani. In kuma aka ce maka hanya ba kyau, ka haƙura. Shafin yana ba da takardar tunawa mai sunan mamaci, ka sa a buga maka ita da manyan haruffa ka kai masa, zuwan ya biyo baya in Allah ya kawo zaman lafiya. Ka rubuto mini abin da ka samu, ko da lambar soja ce kawai.

TAMBAYA

Malam, zan raka Hajiyarmu asibiti a Delhi. An ce akwai wata ƙatuwar ƙofa ta tunawa da sojoji a tsakiyar birnin. Akwai sunayen 'yan Najeriya a jiki?

Mai karatu daga Gwammaja, Kano

AMSA

Allah ya ba Hajiya lafiya, 'yata. Ƙofar Indiya ake nufi, tsayinta mita 42, an buɗe ta a 1931. Ta sojojin Indiya ce da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da yaƙin Afganistan na 1919, sunaye sama da 13,000 ne a jikinta, ciki har da Musulmi masu yawa, amma babu namu. Namu na wancan yaƙi a Kamaru suka yi, daga 1914 zuwa 1916, sannan aka kai su Gabashin Afirka, kuma su ne aka fi yi wa rashin adalci. A watan Afrilu 2021 binciken da hukumar kaburburan ta sa aka yi ya nuna aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a majalisa. Duk da haka ki je in likita ya ba Hajiya dama. Shiga kyauta ne, kusa da ita akwai sabon dandalin tunawa da sojojin Indiya na bayan 1947 da aka buɗe a 2019. Ku bari sai la'asar sakaliya zafi ya ragu, kuma ki nemi keken marasa lafiya daga masaukinku, don daga inda mota ke ajiye mutane akwai 'yar tafiya.